Lambar Yaya Bunu

Malam Gana na Kukar Dambo, wani ƙauye da ke arewa da Ɗanbatta, ya kai shekara sittin da shida a duniya bai taɓa shuka gonar gidansu da ra'ayin kansa ba. Wanda bai san gidan ba zai ɗauka ko rashin dabara ne ya jawo haka, alhali kuwa duk unguwar an shaida babu wanda ya kai shi sanin ƙasa. Idan ya dumbuzi turɓaya ya murza ta a tafin hannu, yakan faɗi abin da za ta karɓa da abin da za ta ƙi, har maƙwabta sukan zo neman shawararsa kafin su zuba iri. Amma a gandun ubansa shi ƙane ne, kuma yana da wa.

Asalinsu mutanen Barno ne. Kakansu ya shigo ƙasar Kano da fataucin kanwa a bisa jakuna, wurin ya yi masa, dagacin wancan zamani ya yanka masa gonaki biyu, ɗaya a gabas da gari, ɗaya a bayan gida. Barbarci ya ɓace a bakin jikoki, sunaye kawai suka rage. Mahaifinsu, Malam Modu, ya bar 'ya'ya maza biyu, Bunu da Gana, shekara biyar ce tsakaninsu. A ciwon ajalinsa ya kira su gaban shimfiɗarsa ya bar musu wasiyya guda mai reshe biyu: kada a raba gandun, kuma kada ƙarami ya sa sungumi a ƙasa sai babba ya ce a shuka, ya kuma faɗi abin da za a zuba a kowace gona. Ya ce haka aka yi tsakaninsa da nasa wan, gidan kuma bai taɓa kwana da yunwa ba. Suka amsa da to, su biyun.

Damina biyu bayan rasuwar, Bunu ya ɗaura niyyar aikin hajji ta ƙasa. Ya bi ta Maiduguri, ya ƙetare Chadi, guzuri ya ƙare masa a Sudan. Ya tsaya cirar auduga don ya haɗa abin shiga jirgin ruwa, tsayawar ta zama zama, ya yi aure, ya haifi 'ya mace aka sa mata Ramlat. Daga baya ya koma Omdurman yana gashin nama a bakin titi. Hajjin ya yi shi bayan shekara goma sha ɗaya, amma daga Makka Sudan ya koma. Sau ɗaya tak ya taka Kukar Dambo, lokacin rasuwar mahaifiyarsu, ya yi kwana arba'in. A zuwan nan ne dagaci ya tara su ya ba da shawarar ko dai a raba gonakin, ko kuwa Bunu ya sauke wa ƙanensa wasiyyar, tunda tsakaninsu akwai tafiyar makonni. Bunu ya dubi Gana, da alama ya yarda. Gana ne ya ƙi. Ya ce yana wurin lokacin da ubansu ya yi magana, bai ji ya ware nisa a ciki ba.

Saboda haka izinin shuka ya riƙa tasowa daga Sudan kowace shekara. Da farko a kaset yake zuwa, ta hannun fatake da masu dawowa daga gabas, wani lokaci tun tsakiyar rani. Gana yakan ajiye shi a ƙasan adaka sai ranar da ruwa ya jiƙa ƙasa, sannan ya sa a rediyo ya saurara, kamar a safiyar nan aka yi maganar. Da wayar hannu ta zo, aka koma kira. Daga baya kuma 'yar Gana tilo, Nuriyya, da ke aure a Kurna cikin Kano, ta ba shi tsohuwar babbar wayarta, ta buɗe masa Wasaf, ta nuna masa yadda ake danne alamar lasifika a yi magana a saki.

Sunan wan nasa bai bari kowa ya rubuta masa a wayar ba. Sai da ya haura hamsin ya shiga ajin yaƙi da jahilci a firamaren garin, ya zauna a bencin yara gwiwoyinsa na taɓa tebur, bai fasa ba sai da ya iya karanta takardar asibiti da allon mota. Ranar da za a sa lambar ya karɓi wayar daga hannun Nuriyya, ya nemi haruffan ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsansa mai kanta, ya rubuta YAYA BUNU SUDAN. Ya kusa kwatan awa yana yi. Da ya gama, hoton wansa ya fito a gefen sunan, da farin rawani irin na can, yana tsaye a bayan tukubar nama.

Tun da matarsa Kulu ta rasu, shekara shida ke nan, shi kaɗai ne a gidan. Tuwo daga gidan maƙwabcinsa Nababa ake kawo masa, wanki kuwa da kansa yake yi a gindin rijiya. A cikin gari sabis ba ya kamawa sosai, sai a kan wani tudu da ke bayan firamare. Kowace Juma'a idan an sauko daga masallaci, can yake nufa ya zauna a kan wani kututturen dorawa, ya faɗa wa Bunu labarin mako: wanda ya rasu, wadda ta haihu, rumbun da gara ta ci, tunkiyar da ke ɗingishi. Bunu kuwa ba mai yawan magana ba ne. Amsarsa ba ta cika wuce numfashi uku ba, galibi addu'a ce da tambayar lafiyar Nuriyya. Sai a bakin damina yake tsawaitawa. Yakan tambayi zurfin laimar, Gana ya haƙa da hannu ya auna ya faɗa masa, sannan ya ce bismillah, a shuka, ya raba wa gonakin biyu aikinsu. Bana gero a gabas gyaɗa a bayan gida, baɗi a juya. Haka suka yi ta yi, ƙasar tana hutawa da kanta.

A cikin azumin shekarar da yaƙi ya ɓarke a Sudan, saƙon Bunu ya shigo ran Talata, abin da bai saba ba. Muryar tana rawa, a bayanta kuma ana jin wata ƙara kamar ana buga ƙyauren kwano.

"Gana, gari ya rikice. Za mu fita da iyali mu nufi kudu, wajen dangin uwar Ramlat. Wuta babu, cajin waya sai da wahala. Idan ruwa ya sauka ka faɗa mini yadda ya shiga ƙasa."

Gana ya amsa nan take, ya yi addu'o'in da ya sani. A ƙarƙashin saƙon nasa 'yar alama guda ta fito, irin makin da malami yake yi a littafin ɗalibi. Nuriyya ta taɓa gaya masa cewa maki ɗaya saƙo ya tashi, maki biyu ya isa, idan suka yi shuɗi an saurara. Ya zauna a kan kututturen har la'asar yana jiran na biyu, bai zo ba.

Bai zauna hannu sake ba. Da ya ji an kwaso ɗalibai daga Sudan, ya hau motar Ɗanbatta ya nemi gidan wani daga cikinsu, ya nuna masa hoton. Matashin ya duba da ladabi, ya ce masu gashin nama a Omdurman suna da yawa, kuma a yadda suka fito babu wanda ya waiwayi wani. Mijin Nuriyya ya baza hoton a zaurukan Wasaf na mutanen da ke da dangi a can. Aka yi ta addu'a a ƙarƙashinsa, amma ba a sami wanda ya ce ya gan shi ba.

Ruwan shuka ya sauka a farkon watan Yuni, ruwa mai kyau, tun daga hantsi har azahar. Washegari gari ya watse gona. Gana ya haƙa ƙasa ya auna, ya hau tudu ya faɗa wa Bunu laima ta kai kamu guda da yatsu uku. Ya dawo gida ya fito da iri, ya wasa sungumi, ya jingine shi a bango.

Nababa, da gonarsa ta yi iyaka da ta gabas, Bafillacen gida ne, don haka akwai wasa tsakaninsa da Barebari. A rana ta huɗu ya iske Gana zaune a gindin iyaka yana kallon gonar da ba a taɓa ba.

"Kai Babarbare, ruwan Allah ya sauka, kai kana jiran na Sudan?"

"Bafillacen da ya koyi riƙon fartanya a hannun kakana ba shi zai faɗa mini ranar shuka ba," in ji Gana. "Je ka duba ko shanunka sun karya."

Nababa ya yi dariya ya wuce, amma da yamma ya dawo ba da wasa ba. Ya ce masa laima tana gudu, kuma Malam Modu da yana raye shi zai fara miƙa masa sungumin. Gana ya ce ya ji, ya gode.

Kwana goma sha ɗaya ya yi yana jira. Geron maƙwabta ya tsiro ya yi layi, tasa gonar tana nan ja wur a tsakiyarsu. A rana ta goma sha biyu, bayan wani ɗan yayyafi, ya tafi gonar gabas da waya a aljihu. Ya ja saƙonni baya har ya kai kan na bara, ya ɗaga wayar sama kamar mai nuna wa gonar, ya danna. Muryar Bunu ta fito lafiya lau, ba rawa, ta ce bismillah, gero a gabas, gyaɗa a bayan gida. Gana ya san sarai cewa bana juyawa ya kamata a yi. Amma ya gaya wa kansa cewa umarnin ƙarshe shi ke tsaye har wani ya zo, kuma idan ya canja ko kalma ɗaya, to shi ya ba da izinin, ba Yaya ba. Ya maimaita gero a kan gero, gyaɗa a kan gyaɗa.

Ƙasar ba ta yafe masa ba. Wuta-wuta ta mamaye gonar gabas, furenta ja-ja a ko'ina, geron ya tsaya iya ƙugu ya ƙi gaba. Gyaɗar bayan gida ta yi ganye ba 'ya'ya. Da kaka ya ɗaure damin da bai kai rabin na bara ba. Mutanen da suka saba tambayarsa shawara suka riƙa wucewa ta gefen gonar suna kau da kai don kada su kunyata shi. Duk wannan ya faɗa wa Bunu, Juma'a bayan Juma'a, bai ɓoye laifinsa ba. Hoton mai farin rawani ma ya ɓace daga gefen sunan, sai wani farin zagaye da inuwar kai a ciki. Saƙonnin suka jeru a ƙasa, kowanne da makinsa guda, har shekara ta zagayo.

Sai wata Juma'a, ana saura 'yan makonni damina ta faɗi, ya aika da labarin mako kamar yadda ya saba, yana shirin mai da wayar aljihu ya ga maki biyu. Ya goge fuskar wayar da bakin riga ya sake dubawa. Yana kallo suka rikiɗa shuɗi.

Ya sauko daga tudun nan da saurin da ya daɗe bai yi ba. Ya faɗa wa Nababa, ya faɗa wa liman, ya kira Nuriyya. Da yamma ya yanka zakara ya aika gidan Nababa a dafa a raba sadaka. Washegari ya sake hawa tudun, ya ga sabon hoto a gefen sunan: wata matashiya da lulluɓi mai ruwan goro, tana riƙe da jariri. Bai yi wata shakka ba, ya ce Ramlat ce. Tun tana goye rabonsa da ganin hotonta. Ya ƙura wa fuskar ido har ya hango hancin mahaifiyarsu a cikinta. Ya danne lasifika ya kira ta 'yata, ya ce shi ne baffanta Gana, ya yi mata barka da haihuwa, ya roƙe ta ta kai wa babanta wayar ko da a kwance yake, kalma biyu kawai yake so ya ji. Aka saurara, ba a amsa ba. Ya ce wataƙila Hausar ce ta yi mata nauyi, tunda a can aka haife ta. Ya ƙara aikawa, a hankali, yana rarrabe kalmomi. A cikin mako uku ya aika sau tara.

Amsar ta zo ranar wata Laraba. Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, da Larabci mai sauri. Larabcin Gana na salla ne da na allo, bai tsinci komai ba sai sallama da sunan Allah sau biyu. Ya saurara ya fi sau goma, yana murmushi, sannan ya sa hula ya nufi wurin Malam Abdulbasit, shugaban Islamiyyar garin, wanda ya yi karatun shekara huɗu a Sudan kafin yaƙi. Ya iske shi a gindin darbejiyar ƙofar makaranta bayan la'asar, ɗalibai sun tashi. Ya miƙa masa wayar ya ce ga 'yar wansa ta yi magana, a fassara masa, kada a rage ko harafi.

Malam Abdulbasit ya kara wayar a kunne ya saurara. Da saƙon ya ƙare ya sake sawa. Sannan ya ajiye ta a kan tabarma, ya gyara zama, ya tambayi Gana ko ya sha ruwa.

"Malam, faɗa mini kawai."

"Baba, wannan ba Ramlat ba ce."

Ya yi masa bayani a hankali. Matar ta ce ba ta san wani Bunu ba. Su ma gudun yaƙi ya kai su wani gari a gabashin ƙasar, a can ta sayi layin sabo a kasuwa wata guda da ya wuce. Ta ce mijinta yana jin muryar namiji tana shigowa wayarta da yaren da ba su sani ba, ya fara tambayarta, har an yi kwana biyu ba ya cin abincinta. Tana roƙo don girman Allah a daina, a kuma cire lambarta daga wayar, don ba ta so baƙon namiji ya riƙa ganin hotonta. A ƙarshe ta ce ko da yake ba ta fahimci kalma ɗaya ba, ta ji muryar ta mai neman nasa ce, Allah ya haɗa shi da wanda yake nema.

Abin da Gana ya fara tambaya shi ne ko a jikin mamaci aka tsinci layin. Malam ya ce a'a, ba haka abin yake ba. Idan layi ya yi watanni ba a yi aiki da shi ba, kamfani yakan karɓe lambar ya sayar wa wani, a nan ma haka ake yi. Gana ya ce to wannan yana nuna wansa yana raye ko ya mutu. Malam ya ce ba ya nuna ko ɗaya, abin da yake nunawa kawai shi ne wayar ta daɗe a kashe.

Kunya ce ta fara rufe shi kafin baƙin ciki. Shi da bai taɓa ɗaga ido ya dubi matar wani ba, ga shi ya yi mako uku yana kallon fuskar matar aure, yana kiranta, har ya sa mijinta ya ƙaurace wa tuwonta. Ya roƙi Malam ya aika musu da saƙo guda da Larabci, na ƙarshe: shi tsoho ne daga Najeriya, lambar ta wansa ce a da, kuskuren nasa ne shi kaɗai, matar ba ta da laifi ko kaɗan, yana neman gafararta da ta maigidanta. Ya soma ƙarawa cewa idan ta ci karo da wani Bahaushe mai gashin nama, sai ya tsaya. Ya ce a bar wannan, ta ce kada a ƙara mata, roƙon ma ƙari ne.

Da aka aika, Malam ya ce bari ya goge masa lambar tun da wayar tana hannunsa. Gana ya miƙa hannu ya karɓe ta. Ya ce shi ya rubuta, shi zai goge, a dai nuna masa hanya. Malam ya nuna masa cewa wuri biyu ne. Akwai sunan, a shiga cikinsa a taɓa alamar fensir, sannan a nemi kwandon shara. Akwai kuma hirar kanta, a danne ta har kwandon ya fito a sama. Ya gargaɗe shi cewa idan hirar ta tafi, duk muryoyin Bunu da ke ciki sun tafi tare da ita, sai dai in an tura su wani wuri tukuna. Ya ce zai iya mayar masa da su wani ɓangare na wayar, ya riƙa ji duk lokacin da ya so.

Gana ya murza gemu. Sannan ya ce a tura wa Nuriyya duka, ta ajiye wa 'ya'yanta su san muryar kakansu, amma kada a bar ko ɗaya a tasa wayar. Malam ya tambayi dalili.

"Akwai guda a ciki, ta shekara uku da suka wuce, da ta dace da bana daidai. Gero a bayan gida, gyaɗa a gabas. Idan tana aljihuna, na san kaina, zan sake ɗaga wa gona waya."

Aka tura wa Nuriyya saƙo talatin da bakwai. Gana ya yi godiya, ya tafi gida da lambar tana nan yadda take. Kwana biyar wayar tana cikin adaka, bai kunna ta ba. Yakan zauna a zaure ya ji masu wucewa suna yi masa barka da jin labarin Bunu, don maganar zakaran ta riga ta zaga gari, shi kuwa ya amsa da Allah ya saka, bai gyara musu ba. Nuriyya ta aiko ta wayar liman tana cewa ya dawo Kano wurinta, ya bar gonakin a hannun masu aro. Ya ce a gaya mata ya ji.

A rana ta shida hadari ya haɗu daga gabas, aka kwarara ruwa tun safe har bayan azahar. Washegari da sassafe ya ɗauki sungumi da ƙwaryar iri, ya ciro wayar daga adaka, ya zaga gonar bayan gida. Ya durƙusa ya haƙa da hannu. Laima ta wuce kamu. Ya tsaya da ƙasar a tafinsa, ya lura bakinsa ya riga ya shirya jimlar da zai faɗa, kamu ɗaya da rabi Yaya, kuma babu inda za a kai ta.

Ya goge hannu a wando ya zauna a kan kunyar gona. Ya kunna wayar, ya shiga sunan, ya sa babban yatsa ya rufe hoton matar don kada ya sake ganinsa. Ya taɓa fensir. Haruffan da ya taɓa nema ɗaya bayan ɗaya suka bayyana a jere. Ya karanta su a fili, kamar yadda yake karanta komai, sannan ya taɓa kwandon. Wayar ta yi masa wata tambaya da Turanci, Malam ya riga ya ce masa ya taɓa ta dama. Ya taɓa. Da ya koma Wasaf sunan babu, sai lambobi tsirara masu farawa da biyu, huɗu, tara, kamar na kowane baƙo. Wannan ya fi masa sauƙi fiye da yadda ya zata, don abin da ya rage bai yi kama da wansa ba. Ya danne hirar har kwandon ya fito, ya taɓa, ya sake taɓa ta dama. Sunan Nuriyya ya hau sama ya cike gurbin, na liman ya biyo baya, sai na mai sayar da taki. Sunaye uku ke nan, sauran fuskar wayar fili.

Ya kashe ta ya ɗora a kan takalmansa a gindin iyaka. Abin da za a zuba a kowace gona ya san shi tun kaka. Faɗar ce ta yi masa nauyi, ya daɗe tsaye da sungumi a kafaɗa yana duban gonar daga wannan gefe zuwa wancan. Daga nesa ana jin muryoyin iyalan wasu gidaje, masu sara a gaba, masu zuba iri a baya, ana zolayar wanda layinsa ya karkace. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Bismillah. Gero a nan. Gabas ta jira gyaɗa."

Muryar ba ta kai ƙarshen kunyar ba. Ya sauke sungumin ya sari ramin farko, ya taka, ya sari na biyu.

Ya kai tsakiyar layi na uku Nababa ya ɓullo ta hanyar rijiya da buhun iri a ka, zai wuce tasa gonar. Ya tsaya a bakin iyaka yana kallo. Ya tambaya ko Bunu ya yi magana. Gana ya ce bai yi ba, bai kuma daina sara ba. Nababa ya buɗe baki, da alama wata zolaya ce ta zo masa, sai ya dubi wayar da ke kan takalma, ya dubi bayan tsohon, ya haɗiye ta. Ya ce Allah ya ba da damina mai albarka, ya gyara buhunsa ya wuce.

Shuka aikin mutum biyu ne, mai sara da mai binnewa. Gana ya riƙa sare layi har ƙarshe, ya jingine sungumi, ya dawo da ƙafa ya ɗauki ƙwarya, ya sake bin layin yana zuba iri yana takewa da diddige. Kowane layi tafiya uku. Da aka kira azahar ya yi layi goma sha huɗu, saura fiye da rabin gonar. Ya yi alwala da ruwan da ya kwanta a gindin iyaka, ya yi salla a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya sake ɗaukar sungumin tun laima ba ta gudu ba.